Faranti Ɗaya a Gaba: Shin Sarƙar Keke Na Buƙatar Makari?

Ranar 5 ga Yulin 2003, a birnin Faris, David Millar ɗan Birtaniya ya shiga tseren share fage na gasar Tour de France, mai tsawon kilomita 6.5, inda kowane ɗan tsere ke fita shi kaɗai yana fafatawa da agogo. Kekensa ba shi da ƙarfen nan na gaba mai sauya giya, an cire shi. Yana dab da kammalawa sarƙa ta zame daga kan haƙora. Ya sunkuya ya mayar da ita da hannu keke na tafiya, amma duk da haka Bradley McGee ɗan Ostareliya ya sha gabansa da kashi 8 cikin 100 na daƙiƙa ɗaya, ya tafi da rigar jagoran gasa.

Shekara 20 bayan haka, ranar 27 ga Mayun 2023, Primož Roglič ɗan Sulobeniya yana hawan dutsen Monte Lussari a mataki na 20 na gasar Giro d'Italia. Geraint Thomas na gabansa da daƙiƙa 26 a jimillar lokaci. Keken da Roglič ya hau dutsen da shi faranti ɗaya gare shi a gaba. Ya daki wata gargada a tsakiyar hawa, sarƙa ta faɗi, dole ya sauka ya gyara aka tura shi. Shi ya yi sa'a, domin ƙarfinsa a ranar ya rufe ɓarnar, ya ci gasar da tazarar daƙiƙa 14.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu fasahar keke ta sauya ƙwarai, har kamfanoni suka riƙa tallata cewa sarƙa ta daina faɗuwa. Duk da haka ana ci gaba da ƙera wani ɗan ƙaramin abu na roba mai tauri ko gorar ruwa, wanda ake ɗaurawa a saman farantin gaba ya rungumi sarƙa hagu da dama, wato makarin sarƙa. Wasu na ganin tarkace ne na zamanin da ya wuce. Wasu kuwa ba sa fita daji sai da shi. Kowane ɓangare na da hujjarsa, kuma ba za a gane inda gaskiyar take ba sai an fara da dalilin faɗuwar sarƙar.

Abin da ke jefar da sarƙa

Keken Phoenix ko Raleigh da aka sani a Kano, Katsina, Maraɗi da Damagaram shi ma faranti ɗaya gare shi a gaba, amma ba wanda ya taɓa nema masa makari. Giyarsa ɗaya ce a baya, don haka sarƙar a miƙe take sambal daga gaba zuwa baya, kuma tsawonta daidai wa daida ne. Idan ta saki, mai gyara ya kwance notin tayar baya ya ja ta baya kaɗan, shi ke nan. Murfin ƙarfen da ke lulluɓe da ita aikinsa kare ƙafar wando da bakin riga daga baƙin mai.

Keke mai giya daban ne. Sarƙarsa dole ta yi tsawon da za ta iya zagaye babbar giyar baya, saboda haka duk lokacin da ta koma kan ƙarama akwai rarar da ta rage. Wannan rarar, hannun masauyin giya na baya ne ke janye ta da ƙarfin sifirin. A kan kwalta mai santsi sifirin ɗin ya wadatar. Amma da zarar taya ta faɗa rami ko ta hau dutse, nauyin sarƙar kansa yakan rinjayi sifirin, hannun ya yi gaba, sarƙa ta yi sako-sako tana kaɗawa sama da ƙasa kamar igiyar shanya da aka fizga. Idan kaɗawar ta iso farantin gaba a lokacin da mahayi ba ya taka feda, ko ya ɗan juya ta baya don gyara tsayuwar ƙafa kafin kwana, sarƙar na iya hawa kan haƙora maimakon ta zauna a cikinsu. Taku ɗaya na gaba sai ta sauka gefe.

Abin takaicin shi ne hakan ya fi faruwa a gangara. A nan ne gudu ya fi yawa, gargada ta fi ƙarfi, sarƙa kuma tana kan ƙaramar giya inda rararta ta fi yawa.

Ga kuma karkata. Faranti ɗaya ne ke hidima wa giyoyi 11 ko 12 da ke jere a baya, don haka in ban da a tsakiyar jerin, sarƙar a karkace take shigowa gaba. A tsofaffin kekuna masu faranti biyu ko uku, an ma ƙera haƙoran ne gajeru, wasu an fiƙe su, an sa ƙananan ƙusoshi a gefe, duk don sarƙa ta bar wannan faranti ta koma wancan cikin sauƙi. Abin da ke hana ta wuce gona da iri shi ne kejin masauyin giya na gaba, ƙarafa biyu da ke tsaye a hagunta da damanta. Wato masauyin gaba aiki biyu yake yi, sauya giya da tsaron sarƙa. Wanda ya cire shi ya rabu da duka biyun, kuma a nan ne ƙungiyar Millar ta yi tuntuɓe.

Yadda aka yi fama da ita a da

Masu tseren gangara daga kan duwatsu su ne suka fara rungumar faranti ɗaya, domin ba sa buƙatar giyar hawa. Tun a shekarun 1990 kamfanoni irin su MRP suka riƙa yi musu cikakken makari: faifai a gefen faranti, ƙaramin gargare a sama da wani a ƙasa, sarƙa na bi ta tsakani ba ta da hanyar fita. Daga baya aka daidaita wurin ɗaura shi da ƙusoshi 3 a kewayen gindin feda, tsarin da ake kira ISCG, sannan wanda aka faɗaɗa mai suna ISCG 05, wanda har yau ake ganin kunnuwansa a jikin kekunan daji masu yawa. Masu tseren laka na lokacin hunturu a Beljiyam da Holan su ma suna da dabararsu, sukan matse faranti tsakanin faifai biyu marasa haƙora.

Waɗannan duka suna aiki, amma da tsada. Akwai nauyi, akwai ƙara, ga gargaren ƙasa da ke gugar sarƙa a kowane taku yana cin ƙarfin mahayi. Mai gangara bai damu ba. Mai hawa dutse na sa'o'i kuwa ba zai lamunta ba.

Abubuwa biyu da suka sauya lissafi

Na farko ya zo a 2011, lokacin da Shimano na Japan ya fito da masauyin baya mai kuloci, wanda ya kira Shadow Plus, a kan kayansa na XTR. Kulocin wani ɗan birki ne a gaɓar hannun masauyin. Yana barin hannun ya koma baya ya ja sarƙa ba tare da cikas ba, amma yana turjewa idan gargada ta so fizgo shi gaba. Nan take kaɗawar ta ragu, ƙarar sarƙa na dukan jikin keke ta yi sauƙi. Kamfanin SRAM na Amurka ya biyo baya da nasa a 2012.

Na biyu ya zo a wannan shekarar ta 2012 tare da XX1 na SRAM: faranti ɗaya a gaba, giya 11 a baya daga mai haƙori 10 zuwa mai 42. Sirrinsa na cikin haƙoran farantin. Duk wanda ya ɗauki sarƙar keke ya duba ta da kyau zai ga gaɓoɓinta ba iri ɗaya ba ne. Tazarar kowace ƙusa da ta kusa da ita rabin inci ce, milimita 12.7, amma ramukan suna bin juna ne ɗaya matsattse ɗaya mai faɗi, saboda faranta na ciki da na waje. Tsohon haƙori an yi shi ne daidai da matsattsen rami, don haka idan ya shiga mai faɗin sai ya yi ta lilo. Sabon farantin sai aka yi masa haƙori siriri, na gaba da shi kakkaura, haka har ya zagayo, kowanne ya cika raminsa, kuma aka ƙara musu tsawo. Shi ya sa adadin haƙoran irin wannan faranti kullum yake rabuwa biyu daidai, 30 ko 32 ko 34, ba a samun mai 33. Cikin shekara guda kamfanoni irin su Race Face da Wolf Tooth suka fito da nasu, waɗanda ake iya ɗaurawa a kan tsofaffin kekuna.

Haɗuwar waɗannan biyun ta yi tasiri na gaske. A 2016 SRAM ya fito da Eagle mai giya 12, daga 10 zuwa 50, wanda babbar giyarsa ta ninka ƙaramar sau 5, ya kuma daina ƙirƙiro sabbin masauyan gaba na kekunan daji. Shimano ya kawo nasa mai giya 12, daga 10 zuwa 51, a 2018. Tsarin ya bazu zuwa kekunan hanyar burji, inda Shimano ya fito da GRX a 2019, Campagnolo na Italiya ya fito da Ekar mai giya 13 a 2020. Miliyoyin mutane na hawan irin waɗannan kekuna babu makari, kuma wata da watanni sarƙarsu ba ta taɓa ƙasa ba. Masu cewa makari ya zama tarihi a nan suke kafa hujja, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai haƙori da kuloci suna yin wannan aikin ne a lokacin da suke sababbi. Yawancin farantan na gorar ruwa ne, sarƙa kuwa ƙarfe ce. Kowane taku yana ɗan cin gefen kakkauran haƙoran, har wata rana a ga sun sirance sun koma kusan irin na da, bakin fentin da ke gefensu ya goge ya bar farin ƙarfe mai sheƙi. Sarƙar ita ma tana ƙara tsawo yayin da ƙusoshinta ke cinyewa. Masu gyara na sauya sarƙar giya 11 ko 12 idan ƙarin ya kai rabin kashi ɗaya cikin 100, kuma akwai ɗan ma'auni na ƙarfe da ake zurawa a ramukanta don ganewa. Kuloci shi ma yana laushi. Na Shimano ana iya buɗe murfinsa a ƙara masa ƙarfi, kuma yana da ɗan maɓalli na kunnawa da kashewa, wanda mutane da yawa ke kashewa don cire taya su manta ba su mayar ba.

Laka ma babbar abokiyar gaba ce. Idan ta cika ramukan sarƙa da gindin haƙora, sarƙar ba ta samun zama har ƙasa, sai ta riƙa tafiya a saman haƙoran. Ciyawa ko ɗan tsinke na iya yin irin wannan aikin. A kekuna masu sifirin gaba da baya kuwa akwai ƙarin matsala: duk lokacin da tayar baya ta nutse ta dawo, tazarar da ke tsakaninta da feda tana sauyawa, sarƙa na miƙewa tana sakewa cikin ƙiftawar ido.

Shi ya sa a gasar duniya ta gangara da wuya a ga keke babu makari, galibi ma har da kariyar ƙasa mai hana dutse fasa faranti. Masu tseren enduro, waɗanda ake auna lokacinsu a gangara amma su hau tudu da taka feda, yawancinsu na ɗaura ƙaramin na sama. Hatta a tseren daji na zagaye, inda ake ƙirga kowane giram, da yawa daga cikin manyan 'yan wasa na amfani da shi. Kekunan daji masu injin lantarki su ma da yawansu da makarinsu suke fitowa daga masana'anta, domin idan sarƙa ta maƙale tsakanin faranti da jikin inji, fito da ita a daji jan aiki ne.

Makarin yau bai yi kama da na shekarun 1990 ba. Irin wanda OneUp na Kanada da wasu kamfanoni ke yi bai kai giram 50 ba, kuma idan an saita shi daidai ba ya taɓa sarƙa ko kaɗan. Yana tsaye ne kawai da 'yar tazara, sai ranar da ta yi tsalle ta same shi ya mayar da ita. Saboda haka tsohon ƙorafin cewa yana cin ƙarfin mahayi bai shafe shi ba.

A kan kwalta

Tseren kwalta ya daɗe yana ɗari-ɗari da faranti ɗaya. Ƙungiyar Aqua Blue Sport ta ƙasar Ayalan ta yi kakar 2018 a kan keken 3T Strada wanda ba shi da wurin ɗaura masauyin gaba kwata-kwata, kuma wasu 'yan wasanta sun fito fili sun koka da faɗuwar sarƙa da ƙarancin giya. Ƙungiyar ta rushe kafin ƙarshen shekarar, kuma na ɗan lokaci aka ɗauka an rufe babin.

Ba a rufe ba. A watan Oktoban 2021 Lizzie Deignan ta ci gasar Paris-Roubaix ta mata karo na farko a tarihi, a kan hanyoyin duwatsun arewacin Faransa masu girgiza ƙashi, da faranti ɗaya. A Tour de France ta 2023 Jonas Vingegaard ya yi wasu matakai da faranti ɗaya, kuma ya ci gasar. Abin lura shi ne yawancin ƙungiyoyin da suka koma wannan tsari suna ɗaura ƙaramin makari a daidai wurin da masauyin gaba yake a da. Nauyi bai zama hujja a wurinsu ba, tunda dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana keken tsere ya gaza kilo 6.8, kuma sau da yawa akwai sararin 'yan giram ɗin.

Adalci ne a faɗa cewa faranti biyu ma ba tsira ba ne. A Tour de France ta 2010, a hawan Port de Balès, sarƙar Andy Schleck ta fita alhali yana da masauyin gaba, ya yi asarar daƙiƙa 39 a hannun Alberto Contador, kuma da wannan tazarar ce daidai suka isa Faris. Tun kafin nan ma, an ƙera wa Kristin Armstrong ɗan ƙarfen da ke tare sarƙa daga faɗawa ciki kafin wasannin Olamfik na Beijin a 2008, inda ta ci zinare, kuma daga nan kamfanin K-Edge ya samo asali. Tsoron faɗuwar sarƙa ya girmi faranti ɗaya.

Abin da makari ba ya yi

Yana da nasa illolin. Idan aka ɗaura shi a karkace zai riƙa gugar sarƙa a babbar giya ko ƙarama, yana ƙara mai sa ciwon kai. A laka mai danƙo yakan tara datti. Idan kuma duk da shi sarƙa ta kuɓuce ta shige ƙarƙashinsa, mayar da ita ya fi wuya, wani lokaci sai da makulli, shi ya sa ake yin wasu da murfin da ake ɗagawa da yatsa. Sannan ba kowane keke ne ke da wurin ɗaura shi ba. Wanda ba shi da kunnuwan ISCG sai a nemi mai kama bututun sirdi, ko mai faifan da ake matsewa a gindin feda.

Mafi muhimmanci, akwai cututtukan da ba nasa ba ne. Idan sarƙa na gangarowa daga babbar giyar baya duk lokacin da aka juya feda baya, matsalar layin sarƙa ce: farantin ya yi waje da yawa. Kekuna masu tsohon faɗin baya suna son layin kusan milimita 49 daga tsakiyar keke, masu faɗin Boost na milimita 148 kuma 52, kuma sa farantin wani a jikin wani na jawo rigima. Idan sarƙar ta yi tsawo fiye da kima, ko kunnen da masauyin baya ke rataye a jiki ya lanƙwashe, ko haƙora sun cinye, makari zai ɓoye alamar ne kawai, cutar na ci gaba da cin giyoyin baya masu tsada. Sarƙar da ke faɗuwa a hanya mai kyau tana neman a duba ta ne, kuma makari shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a saya mata.

To, wa ke buƙatarsa?

Mai sabon keke da haƙora siriri da kakkaura da masauyi mai kuloci, wanda ke yawo a kwalta, burji ko hanyar gona, ba ya buƙata. Idan sau ɗaya a shekara sarƙarsa ta faɗi, asararsa rabin minti ce da baƙin mai a yatsu. Kuɗin ya fi amfani a sabuwar sarƙa a kan kari.

Mai gangara a kan duwatsu da gudu, da mai hawa cikin laka, da duk wanda ke tsere, lissafinsu daban ne. A wurinsu faɗuwa ɗaya na iya zama asarar gasar da aka yi wata shida ana shiri, ko mahayi ya miƙe ya taka feda da dukkan ƙarfinsa ya tarar babu komai a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ci ƙasa. Sarƙar da ta maƙale tana iya kuma yagar jikin keken kabon. Giram 40 a gaban irin wannan asara ba abin tsayawa ciniki ba ne.

Rukuni na uku shi ne ya fi kusa da gida, kuma shi ya fi kowa buƙata. Kekunan gwanjo masu faranti uku da ke shigowa kasuwanni daga Turai da Asiya sukan iso da masauyin gaba a gajiye. Waya ta tsinke ko madannin hannu ya karye, mai gyara ya kwance komai ya jefa a akwatin tarkace, ya bar sarƙa a farantin tsakiya. Keken ya zama mai faranti ɗaya ke nan, amma da gajerun haƙoran da aka ƙera don sakin sarƙa, da masauyin baya mara kuloci, a kan hanyoyi masu ramuka. Ɗalibi ko ɗan aike da ke hawansa zai yi ta sauka yana mayar da sarƙa, yana ɗora laifin a kan keken.

Maganin ba ya cin ko sisi. A bar kejin masauyin gaban a inda yake ko da babu waya. A jikinsa akwai ƙananan sukurori biyu, galibi da alamar H da L. A ɗaure na L har kejin ya matso ya tsaya daidai saman farantin tsakiya, sarƙa na wucewa ta tsakiyarsa ba ta gugar kowane gefe, sannan a ɗaure na H ya hana shi yin waje. Idan sukurin bai kai ba, a sa wanda ya fi shi tsawo, ko a ɗaure guntuwar waya ta riƙe kejin a wurin. In kuma an cire sauran farantan gaba ɗaya, a rage gaɓoɓin sarƙar zuwa tsawon da zai zagaye farantin da babbar giyar baya da 'yar rara kaɗan, domin masauyin baya ya samu abin ja. Wanda ya samu hali daga baya ya sayi faranti mai haƙora siriri da kakkaura, ya tabbatar ramukan ƙusoshinsa sun dace da na fedarsa. A yawancin tsofaffin kekunan daji masu ƙusa 4, faɗin da'irar ramukan milimita 104 ne.